Tashar Taura Tana Jiran Jirgin Fasinja

Mai karatu, duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Haɗeja ya san layin dogon nan da ya ratsa ƙasar Ringim da Taura, ya wuce Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, har ya je ya tsaya a Nguru cikin Jihar Yobe. Layin yana nan kwance inda aka shimfiɗa shi, tashoshin kuma ba su canja suna ba. Amma a yau da wuya ka sami mutum guda a Taura wanda zai ce maka ya tsara tafiyarsa ta gobe bisa lokacin isowar jirgi. Ɗalibi mai komawa makaranta, da ɗan kasuwa mai zuwa sari Kano, da wanda zai kai maras lafiya asibiti, duk bakin titi suke fita su tsaya jiran mota. Ƙannenmu da yawa sun tashi sun ga dogo a bayan gari, amma ba su taɓa sa ƙafa cikin tarago ba.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne a dawo da jirgin fasinja kan wannan layi, wanda zai riƙa tsayawa a Taura da sauran ƙananan tashoshi, a kan lokaci sananne da kowa zai iya dogara da shi. Ba mu nace sai an kawo mana jirgi mai gudu kamar walƙiya ko tasha mai bene ba. Abin da talakan tsakiyar Jigawa yake bukata shi ne jirgin da in an ce ƙarfe bakwai zai iso, to, ƙarfe bakwai ɗin za a ji jiniyarsa. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu saurari masu ganin wannan magana ɓata baki ce.

Yadda dogo ya zo mana

Ya kamata mu fara da ɗan tarihi, domin wanda bai san inda aka fito ba, ba zai san inda aka dosa ba. Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, ta hanyar da ta taso daga Baro a bakin kogin Kwara. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka ga ashe abin da suke shukawa yana da kasuwa har ƙasashen Turai. Da Turawan mulki suka ga yawan gyaɗa da fatu da shanu da ƙaro da ke gabashin Kano, sai suka ja reshe mai tsawon kimanin kilomita 230, wanda ya isa Nguru a 1930. Wannan reshe ne ya bi ta ƙofarmu.

Gaskiya ce, ba don ƙaunar fasinja aka shimfiɗa shi ba. Kaya ake so a kwasa zuwa bakin teku a Ikko. Duk da haka mutanenmu sun ci moriyarsa ƙwarai. Malam Madori ta bunƙasa domin ita ce tashar da ke ɗaukar kayan ƙasar Haɗeja, Gagarawa kuma ta zama ƙofar ƙasar Gumel. Dalar gyaɗar nan ta Kano, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita, akwai gumin manoman Ringim da Taura a cikin buhunanta. Kuma duk inda jirgi yake tsayawa, nan take kasuwa take tashi. Masu fura da nono, da masu dafaffen ƙwai da rake da gyaɗa, da 'yan dako da masu shayi, kowa yakan sami abin sa wa a bakin salati. Mutumin ƙauye yana iya hawa a ƙaramar tasha, ya sauka Kano, ya canja jirgi ya nufi Zariya ko Kaduna ko Ikko. Ashe ƙaramar tasha ƙofa ce da ke buɗe wa ƙauye Nijeriya baki ɗaya.

Yadda abin ya lalace

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. A 1964 jiragenta sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 a faɗin ƙasar nan, amma zuwa 1974 adadin ya faɗo zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin man fetur ya shigo, aka mai da hankali kan gina tituna, manyan motoci suka ƙwace lodi. Farin 1973 ya taɓa amfanin gona da dabbobi, sa'an nan cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa karya noman da ke ciyar da reshen Nguru. Kawunan jirage suka tsufa, ba kayan gyara, ma'aikatan reluwe suka shiga jiran albashi da fansho wata da watanni.

An yi ta ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 1979 an ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar har zuwa 1982. A 1995 an ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara. A Disamba 2012 jirgin fasinja ya sake tashi daga Ikko zuwa Kano bayan an gyara babban layi. Amma a kowane zagaye babban layi ake fara dubawa, rassa irin namu kuwa sai abin da ya rage. Jirgin Nguru ya zama yau ya zo, gobe shiru, jibi a ce kan jirgin ya lalace a hanya. A nan ne babban darasi yake. Mutane ba su guji jirgi don sun ƙi shi ba. Wanda ya kwana biyu a tasha yana jira, ranar ta uku mota zai nema, kuma ba zai sake dawowa ba. Da fasinja suka ragu sai aka ce layin ba ya kawo kuɗi, aka ƙara rage jirage, fasinja suka ƙara raguwa. Haka aka yi ta yi har ciyawa ta rufe dogo.

Dalilanmu

Dalili na farko shi ne kuɗin mota. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Direban bas ba mugu ba ne, abin da ya saya da tsada ba zai sayar da araha ba, don haka nauyin ya sauka a kan fasinja. Mu ɗalibai mun san wannan a jikinmu. Akwai iyayen da suke lissafin kuɗin motar dawowa makaranta kamar yadda suke lissafin kuɗin littattafai, akwai kuma waɗanda ranar ziyara ba sa zuwa ganin 'ya'yansu, saboda kuɗin zuwa da dawowa ya kai na cefanen kwanaki.

To, me ya sa jirgi ya fi sauƙi? Malaman kimiyya sun koya mana cewa ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta shan wahalar gungurawa kamar tayar roba a kan kwalta. Saboda haka kan jirgi guda yana jan taragu da yawa da man da bai kai wanda motocin da za su ɗauki wannan jama'a za su sha ba. Direba ɗaya da 'yan ma'aikata kaɗan sun isa su kai ɗaruruwan mutane. In aka raba kuɗin a kan kowane kai, sai ya zama abin da talaka zai iya biya. Kuma jirgi yana da wurin kaya. Mace mai buhun zoɓo biyu, ko manomi mai buhunan riɗi da zai kai Dawanau, ba sai ya yi ta ciniki da ɗan kamasho a kan kuɗin kowane buhu ba.

Dalili na biyu shi ne rai. Titin da ya bi ta Ringim da Taura da Gujungu shi ne yake ɗauke da kusan komai: bas-bas, da ƙananan motocin da ake cusa mutum biyu a gaba huɗu a baya, da tireloli, da tankokin mai, da babura, da amalanken shanu. Ranar kasuwar Gujungu kuwa sai wanda ya gani. Ba za mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumarmu ta Taura, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Tankar nan daga Kano ta taso, Nguru ta nufa, watau tafiyar da layin dogon da ke kwance kusa da mu aka yi shi dominta. Ba mu ce jirgi ba ya haɗari ba, kuma mun san abubuwa da yawa ne suka haɗu a wannan dare. Amma duk nauyin da aka ɗauke daga titi aka mai da kan dogo, na mutane ne ko na kaya, ya rage wa titin cunkoso, ya rage wa gidaje zaman makoki. Layin da aka gyara don fasinja, shi ne kuma zai ɗauki taragun kaya. Rigakafi dai ya fi magani.

Dalili na uku shi ne ilimi da lafiya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, makarantu sun ƙaru: Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, kwalejin fasaha a Haɗeja. Waɗanda suka gama makaranta irin tamu suna watsuwa zuwa waɗannan wurare, wasu kuma su tafi Jami'ar Bayero a Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kowannensu matafiyi ne sau da yawa a shekara, da akwati da katifa da ƙullin garin kwaki. Haka nan maras lafiyar da aka tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsoho mai ciwon baya ko mace mai tsohon ciki, zama a tarago inda za a miƙe ƙafa, a tashi a zaga, ya fi musu matsi a bayan mota nesa ba kusa ba.

Dalili na huɗu shi ne garin kansa. Motar da ta taso daga Kano cike take wucewa, in ba wani ne zai sauka ba, ba ta ko rage gudu. Jirgi kuwa dole ya tsaya, kuma tsayawar nan ta minti biyar abinci ce ga gidaje da yawa. Matashin da ya san zai iya zuwa Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi da safe ya dawo da yamma a kan kuɗi kaɗan, zai iya buɗe shagonsa a Taura maimakon ya tare a Kano yana kwana a rumfa. Muna yawan kukan cewa samari suna barin ƙauye. Hanya mai araha ta zuwa birni a dawo tana cikin abubuwan da za su zaunar da su a gida.

Ga sabon layi yana zuwa, me za a yi da tsoho?

Wani zai ce, ai ana gina sabon layin zamani, me ya kawo maganar tsohon ƙarfen Turawa? Gaskiya ne, a Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tare da reshe daga Kano zuwa Dutse. Muna murna da wannan aiki, muna kuma fatan ganin ranar da jirgi zai tsaya a babban birnin jiharmu. Amma mai karatu ya ɗauko taswira ya duba. Kazaure tana arewa maso yamma, Dutse tana kudu. Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, da ƙasashen Gumel da Haɗeja da ke bayansu, babu ɗayansu a kan sabon layi. Dogon da ya ratsa tsakiyar jihar shi ne wannan tsohon da muke magana a kai.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. Faɗin tsohon layi, watau tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu, milimita 1,067 ne. Na sabon layi, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Ikko zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, milimita 1,435 ne. Jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Don haka kada wani ya zauna yana tsammanin wata rana jirgin zamani zai ɓullo Taura da kansa. Abin da zai yiwu shi ne ƙaramin jirgi a kan tsohon layi ya kwaso mutane daga ƙananan tashoshi ya kai su Kano, daga nan su shiga babban jirgi. Kogi ba ya cika sai da ƙoramu. In babu rassa masu kawo masa fasinja, sabon layin zai zama na mutanen manyan birane kaɗai, alhali bashin da aka ci don gina shi kowa zai biya, har da manomin Taura.

Wasu ƙasashe sun gane haka. Kenya ta buɗe sabon layinta daga Mombasa zuwa Nairobi a 2017, amma ba ta yar da tsohon ba. Ta gyara reshen Nanyuki a 2020, ta kuma mai da jirgin fasinja zuwa Kisumu a 2021, duka a kan tsohon dogo na zamanin Turawa. A Birtaniya kuwa, bayan wani rahoto na 1963 an rufe ƙananan tashoshi da rassa masu yawa da sunan ba sa kawo riba. Wani layi a kudancin Sikotlan da aka rufe a 1969, sai da aka kashe maƙudan kuɗi aka sake gina wani sashensa, aka buɗe a 2015, domin garuruwan da aka yanke sun ji jiki. Mu namu layin ba a tumɓuke shi ba tukuna, filinsa yana nan, gadojinsa suna nan. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Bari mu saurari masu ja da mu, domin suna da hujjoji. Na farko suna cewa jirgin zai yi ta faɗuwa, kuɗin tikiti ba zai biya mai da albashi da gyara ba. Mai yiwuwa haka ne, musamman a shekarun farko. Amma muna tambaya, nawa titin Kano zuwa Haɗeja yake kawo wa baitulmali a shekara? Ba a gina titi ko makaranta ko rijiyar burtsatse don a ga riba a aljihun gwamnati. Ribarsu tana wajen jama'a. A ƙasashe da dama, har da masu arziki, gwamnati ce take cike giɓin jiragen da ke bin ƙananan garuruwa. Abin da ya wajaba shi ne a san nawa ne giɓin, a rubuta shi a kasafin kuɗi kowa ya gani, a kuma rage shi da kuɗin dakon kaya irin su hatsi da riɗi da taki da siminti da dabbobi.

Na biyu suna cewa jirgin yana da nawa, mota ta fi shi sauri. Wannan ma gaskiya ne. Tsohon layi guda ɗaya ne, in jirage biyu za su haɗu dole ɗaya ya jira a tasha ɗan'uwansa ya wuce, kuma dogon da ya daɗe ba gyara ba a gudu a kansa. Mai gaggawa da kuɗi a aljihu ya hau mota, ba wanda ya hana shi. Amma a lissafa da zaman da ake yi a tashar mota ana jiran ta cika, da tsaye-tsayen hanya, da faci in taya ta fashe. Yawancin matafiyanmu ba minti suke ƙirgawa ba, naira suke ƙirgawa. Sannu ba ta hana zuwa, in dai an san lokacin tashi da lokacin isa.

Na uku suna maganar tsaro, suna tuna mana harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, inda aka kashe mutane aka sace wasu, jirgin bai koma aiki ba sai a Disamba na wannan shekara. Wannan abin tsoro ne, ba za mu raina shi ba. Amsarmu ita ce jirgin ya yi tafiyarsa da rana, a sa jami'an tsaro a ciki, a kuma dawo da leburorin da ke bin layi a ƙafa suna duba shi kowace safiya kamar yadda ake yi a da. In aka ɗauki waɗannan ma'aikata daga garuruwan da layin ya ratsa, aka sa dagatai da masu unguwanni a cikin sha'anin, to, baƙon da ya zo da mugun nufi ba zai ɓoyu ba.

Wa zai ɗauki nauyi?

A da in aka yi wannan magana sai a ce jirgin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, jiha ba ta da ta cewa. Wannan uzuri ya ƙare. A Maris 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa. Jihar Legas tana gudanar da nata jiragen tun 2023. Jihar Filato kuma, bayan janye tallafin mai, ta haɗa hannu da Hukumar Jiragen Ƙasa aka ta da jirgin fasinja tsakanin Jos da Bukuru a kan tsohon layi irin namu. A Jamus tun 1996 jihohi ne suke tsara jiragen yankunansu, su ce ga yawan jiragen da suke so, ga lokutan, su biya mai gudanarwa. Layin Nguru ya ratsa jihohi uku, Kano da Jigawa da Yobe, kuma Jigawa ce ta fi yawan tashoshi a kansa. Ita ya kamata ta kira sauran biyun da hukumar a zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da muke roƙo, kuma ba mu roƙi abin da ya fi ƙarfi ba. Da farko a bi layin tun daga Kano har Nguru a duba shi taku-taku, a gyara gadoji da kwalbatoci kafin damina, domin ƙasarmu ta kwarin kogin Haɗeja ce, ambaliya irin ta 2022 ba ta barin abin da aka yi wa aikin ganin ido. Na biyu, a fara da jirgi ɗaya tak, ya taso daga gabas da sassafe ya isa Kano da hantsi, ya juyo da la'asar. In kullum ba za ta yiwu ba da farko, a sa ranaku uku a mako waɗanda ba sa canjawa. Na uku, a tanadi kan jirgi na biyu a ajiye, domin ranar da ɗaya ya lalace kada a ce wa mutane su koma gida. Na huɗu, a rubuta jadawali da kuɗin tikiti da Hausa, da boko da ajami, a kafa a bangon tasha, a kuma riƙa sanarwa a rediyo. Na biyar, a gyara tashar daidai bukata: rumfar zama, da ruwan sha, da makewayi na maza da na mata, da fitila mai aiki da hasken rana, da shugaban tasha wanda za a same shi a bakin aikinsa. Na shida, a shirya da direbobin bas da masu Keke su riƙa jiran jirgi, su kwashi mutane zuwa Gujungu da Jahun da Dutse. Ta haka direbobi ma za su ga jirgin abokin sana'a ne. A ƙarshe, a yi wa ɗalibai rangwame a farkon zango da ƙarshensa.

Fiye da duka waɗannan, muna roƙon kada a yi mana bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe da jawabai, jirgi ya yi wata biyu ya ɓace. Amincewar da ta zube a shekaru masu yawa ba ta dawowa a mako guda. Watannin farko taragu za su iya tafiya rabi a cike, kada wannan ya sa a karaya. Sai mutane sun ga jirgin ya zo ran Litinin, ya zo ran Laraba, ya zo da rani, ya zo da damina, sa'an nan mai shago zai fara tsara sarinsa a kansa, uba kuma ya yarda ya sa 'yarsa a ciki ta koma makaranta. Alkawari kaya ne.

Namu nauyin

Ba daidai ba ne mu nuna gwamnati da yatsa mu manta da sauran yatsun da ke nuna mu. A sassa da yawa na ƙasar nan an kama mutane suna kwance ƙarafan dogo da kusoshinsa suna sayar wa 'yan gwangwan. Wasu sun yi gini ko sun faɗaɗa gona har kan filin layi, wasu sun mai da shi juji. Wanda ya saci ƙarfen dogo, hanyar garinsu ya sayar, kuma ran jama'a ya sa a haɗari. In jirgi ya dawo, wajibi ne mu sayi tikiti, mu bar hawa kan rufi ko maƙalewa a ƙofa, mu hana yara jifan taragu, mu kuma koya wa masu babura da makiyaya su tsaya su duba dama da hagu kafin su tsallaka.

Mu ɗalibai ma muna da abin yi tun yanzu. Ƙungiyar muhawara za ta iya ɗaukar wannan batu. 'Yan ajin labarin ƙasa za su iya zana taswirar layin da garuruwan da ke kansa, su ƙirga motocin da ke wucewa a bakin titi a yini guda, su tambayi matafiya nawa suke biya. Masu son tarihi su je wurin tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke raye a garuruwanmu su rubuta abin da suka sani, kafin a neme su a rasa. Sa'an nan mu haɗa abin da muka samu mu aika wa shugaban ƙaramar hukuma da wakilanmu a majalisar Dutse da ta Abuja, cikin ladabi da hujja. Takardar da ta zo da lissafi ta fi ƙorafin bakin titi nauyi a kan teburin mai mulki.

Kakanninmu sun ga jirgi a Taura tun wajen 1930, lokacin da babu kwalta, babu lantarki, babu makarantar sakandare ko ɗaya a wannan yanki. Abin kunya ne a ce jikokinsu, da duk karatun da suka yi, sun kasa riƙe abin da suka tarar. Daga cikinmu masu karanta wannan mujalla za a sami injiniyoyi da akantoci da 'yan majalisa nan da 'yan shekaru. Muna fata kafin lokacin jirgi ya dawo. In kuwa bai dawo ba, to, aikin yana jiranmu, kada mu ce ba a gaya mana ba. Allah Ya kai mu ranar da za a kafa jadawali a bangon tashar Taura, jirgi kuma ya iso a kan lokacin da aka rubuta.